Wasannin gina kogo da kai hari a burauza: kyautar da ake faɗa, ina take tsayawa?

Baban Khadija, Agege

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar, domin abin ya shige mini duhu. Akwai wasu wasanni da ake buɗewa kai tsaye a burauza ba tare da an sauke komai ba, inda kowa yake haƙa kogonsa a ƙarƙashin ƙasa, ya yanka ɗakuna da lunguna, ya dasa tarkuna, ya zuba dodanni masu gadi, sannan ya tura mayaƙansa su fasa kogon wani su kwaso zinariya. Yaran shagona sun rungumi irin wannan wasa, kuma a shafin farko an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kyauta ne. To amma ga ɗaya daga cikinsu yana roƙon in ba shi wani abu daga kuɗin watansa, wai zai sayi lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, ya ƙarasa ginin wani ɗaki kafin a sake kawo masa hari. Idan kyauta ne, mene ne ake sayarwa? Kuma mutum zai iya jin daɗinsa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba?

Injiniya, Ikeja

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shiga kyauta ce, wannan gaskiya ne, amma kowane gini a cikin wasan an ɗaura masa agogo. Ɗakin farko yana kammala cikin daƙiƙoƙi, na gaba ya ɗauki mintoci, kafin mutum ya ankara an kai matakin da ɗaki ɗaya yake cin yini guda ko fiye, kuma daidai nan ne maɓallin gamawa nan take yake bayyana da farashinsa. Shi kuma harin ba gaba da gaba ake yinsa ba. Kogonka yana ajiye a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan, ko kana nan ko ba ka nan, maharin yana fafatawa ne da tsarin da ka bari, kai kuwa sai ka dawo ka tarar da rahoton abin da aka kwashe. Idan ka haɗa ginin da ba ya ƙarewa da wuri da maharin da ba ya jiran ka farka, za ka gane dalilin da ya sa yaronka yake ganin sayen lu'ulu'u ya zame masa dole.

Wasan da ya shahara da wannan salo shi ne Dungeon Keeper, wanda kamfanin Bullfrog na Ingila ya fitar a 1997 ƙarƙashin jagorancin Peter Molyneux. Abin da ya sa ya yi suna shi ne juya labarin da ya yi: maimakon ka zama jarumin da yake kutsawa cikin kogo, kai ne mugun mai kogon, kana da ƙananan ma'aikata masu haƙa, kana gina wa dodanninka makwanci da ɗakin kaji don abincinsu, kana biyan su albashi daga taska, kuma idan sun yi sanyin jiki kana iya kai musu mari. Sau ɗaya ake sayen wannan, shi ke nan. A 2014 kamfanin Electronic Arts ya sake fito da shi a waya a matsayin na kyauta, sai ga shi haƙa wani ɗan yanki na ƙasa yana iya ɗaukar awa 24 ga wanda bai biya ba. Shi kansa Molyneux ya fito ya soki abin, kuma a watan Yulin shekarar hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta yanke cewa tallan wasan yana ruɗin mutane, domin bai bayyana yadda wasan yake tsukewa ga wanda ya ƙi biya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ɗan Mile 12

Injiniya, ban musa maka tarihin ba, amma ka nuna abin kamar wanda bai biya ba ba shi da rabo ko kaɗan, alhali ba haka ba ne. Na daɗe ina buga Travian, wanda aka ƙirƙira a Jamus tun 2004, kuma ko da yake ƙauye ake ginawa a can, ƙa'idar ɗaya ce da ta masu kogo: ka tara, ka kare, ka kai hari. Ban taɓa sayen zinariyarsu, wato kuɗin cikin wasan, ba. Aikinmu na dare ne, idan motocin tumatir da albasa suka iso daga Arewa babu wanda yake da sukunin duba waya har sai an gama sauke kaya, don haka kafin in ajiye wayar nakan zuba duk katako da yumɓu da ƙarfen da nake da su cikin gini, abin da ya rage ya shige rumbun ɓoye wanda mahari ba ya iya gani, sojojin kuma in tura su wata doguwar tafiya don kada a riske su a gida. Mahari ya taso daga nesa, ya ɓata awanni a hanya, ya tarar da wayam. Idan ya yi haka ya sake yi, da kansa zai cire ka daga jerin waɗanda yake tatsa, ya koma kan malalaci.

A na kogo ma akwai dabara irin wannan. Yawancin sababbin shiga suna jibge tarkuna a bakin ƙofa, inda mahari yake da cikakken ƙarfi da natsuwa. Wanda ya goge yakan bar farkon hanya fayau, ya ja mutum cikin dogon lungu, ya sa tarkon farko bayan kwana inda ido ba ya kaiwa, ya sa na biyu daidai inda mutum zai faɗa idan ya kauce wa na farko, sannan ya ajiye dodon da ya fi ƙarfi kusa da taska, lokacin da maganin maharin ya ƙare. Wannan ba a sayensa da kuɗi.

Maman Yasir, Idi-Araba

Ɗan'uwa na Mile 12, kai babba ne, ka san lokacin ajiye waya. Ni malamar sakandare ce, kuma abin da nake gani a aji daban ne. Yaro yakan saita ƙararrawa ƙarfe biyu na dare domin a lokacin ne garkuwarsa, wato kariyar ɗan lokaci da ke hana a kawo masa hari, take ƙarewa, ya tashi ya tsare kogo, asuba ta wuce shi, ya zo makaranta yana gyangyaɗi. Wasan da ake kashewa a tafi, kamar na ƙwallo, ba ya yin haka, domin idan ka rufe shi ya rufu. Wannan kuwa yana ci gaba bayan ka tafi, kuma yana hukunta ka a kan tafiyar. Ko sisin kwabo bai fita ba, an karɓi barcin yaron.

Abu na biyu da ya fi damuna shi ne akwatunan sa'a, inda ake biyan kuɗi a buɗe akwati ba tare da an san abin da ke ciki ba, ko dodo mai daraja ko tarkacen banza. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bayyana cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ce a dokarsu, har wasu kamfanoni suka cire su a ƙasar. Sin kuma tun 2017 ta tilasta a riƙa bayyana yiwuwar samun kowane abu a cikin akwatin. Ina so Malam ya ce wani abu a kan wannan.

Malam, Zangon Agege

Malama, Allah ya saka da alheri. Ba fatawa zan bayar ba, amma ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Na farko shi ne harin kansa. Na ji wasu suna cewa ana koya wa yara sata, ni kuwa ban ga haka ba, domin duk wanda ya shiga ya amince da dokar wasan tun farko, kuma abin da ake kwashewa lissafi ne a cikin wasa, kamar yadda mai dara yake cinye ɗan abokin karawarsa ba wanda ya kira shi ɓarawo. Na biyu shi ne sayen abu sananne da farashi sananne, misali ka biya a gama maka gini. Wannan ciniki ne, sai dai a tambaya ko ya zama almubazzaranci, kuma amsar tana bambanta tsakanin mai hali da yaron shago da zai ci bashin albashinsa. Na uku shi ne akwatin da Malama ta ambata. Ka ba da kuɗi tabbatacce a kan abin da ba ka sani ba, kana fatan ka samu fiye da abin da ka bayar, kuma mafi yawan masu saye suna tashi da ƙasa da haka. Duk wanda ya karanta babin ciniki ya san gharari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, kuma zai ga kamanninsa a nan. Hujjar cewa ai ba a taɓa tashi hannu rabbana ba, kullum akwai wani abu a akwatin, ba ta gamsar da ni ba, tunda ba don tarkacen mutum ya biya ba.

Injiniya, Ikeja

Malam ya gyara zancen. Ina so in koma kan maganar ɗan'uwana na Mile 12, domin akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana da sharaɗi. Dabara tana aiki ne kawai a wasan da aka tsara don dabara ta yi aiki, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane irinsa: shin ana tilasta wa mai gini ya tsallake kogonsa da kansa kafin a buɗe shi ga mahara? A King of Thieves, wanda kamfanin ZeptoLab ya fitar a waya a 2015, ba za a karɓi tsarin tarkunanka ba sai ka bi ta cikinsu ka kai ga taskarka da hannunka. The Mighty Quest for Epic Loot na kamfanin Ubisoft ma ya kasance yana da wannan doka a kan gidajen da 'yan wasa suke ginawa. Amfaninta shi ne babu wanda zai iya gina abin da ba ya tsallakuwa, don haka ƙarfin kogo yana tafiya da ƙwarewar mai shi. Inda babu wannan doka, kuma harin lissafi ne kawai da saba take yi, a auna ƙarfin sojanka da ƙarfin gadinsa a ba mai rinjaye, to lungu da kwana ado ne, lambar da ta fi girma ita take ci, kuma lambar ana sayenta.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mai biyan kuɗi yana buƙatar wanda zai ci da yaƙi, in ba haka ba kuɗinsa bai saya masa komai ba. Saboda haka kamfanin yana bukatar dubban masu bugawa kyauta, domin su ne kogunan da ake fasawa. Ba a kore ka don ba ka biya ba, an ba ka wani aiki ne a cikin tsarin.

Ɗan Mile 12

Injiniya, wannan magana ta ƙarshe ta yi tsauri. Saba ba ta tafiya da iska, masu zane da masu rubuta manhaja ba sadaka suke yi ba, dole wani ya biya. Idan mai kuɗi a Turai ya ɗauki nauyin, ni kuma na samu wasan da zan rage dare da shi, ban ga an cuce ni ba. Kuma mai kuɗi shi kaɗai ba ya cin zagaye. A Travian sai ƙawance ya haɗu ya ɗaga wani gini na musamman na ƙarshen wasa zuwa mataki na 100 kafin a ce an yi nasara, kuma hakan yana buƙatar mutane da yawa masu aiko da hatsi da sojojin tsaro a kan lokaci. Na ga masu zinariya da suka rushe saboda sun raina maƙwabta, aka haɗu aka yi musu taron dangi.

Injiniya, Ikeja

Ban ce an cuce ka ba, ɗan'uwa, na ce ka san matsayinka a lissafin. A wasan da ka ambata zinariya tana gama gini nan take, tana ƙara yawan abin da gonaki da ma'adinai suke samarwa da kashi 25 cikin ɗari, tana kuma musanya maka wani kaya da wani ba tare da neman abokin ciniki ba. Mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya, mai waɗannan zai wuce. Abin da ka nuna shi ne ƙwararre marar kuɗi yana iya doke mai kuɗi marar ƙwarewa, kuma na yarda da wannan.

Ɗan Canji, Allen

Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da na sani. Yawancin waɗannan wasanni da dala ko yuro suke sa farashi, kuma abin da Bature yake ɗauka canjin aljihu a wurinmu ba haka yake ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Ƙunshin lu'ulu'u na dala 5 ya tashi ke nan daga kimanin naira 2,300 zuwa 7,500, wato fiye da kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka amince da shi a 2024. Kuma ƙunshi ɗaya ba ya isa, domin agogon gini na gaba ya fi na baya tsawo.

Akwai haɗarin da ya biyo bayan wannan tsada. Tun lokacin da bankuna suka taƙaita amfani da katin naira a shafukan waje, masu cewa za su loda maka lu'ulu'u da rabin farashi suka yawaita. Sharaɗinsu kullum ɗaya ne, ka ba su sunan shiga da kalmar sirri. Wasu da katin sata suke biya, idan mai katin ya kai ƙara aka janye kuɗin, asusunka ne kamfanin zai rufe. Wasu kuma su canza kalmar sirrin su sayar da asusun gaba. Ba ka da inda za ka kai kuka, tunda miƙa asusu ga wani ta wannan hanya ya saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su ranar da ka yi rajista.

Ɗalibi, Akoka

Iyayena da yayyena, ina neman izinin ƙara wani abu a kan maganar Alhaji na Allen. Ko ta halastacciyar hanya ka saya, abin ba mallakinka ba ne, domin yana raye ne muddin saba tana raye. Wasan Ubisoft da Injiniya ya yaba an rufe sabobinsa na kwamfuta a 2016, duk gidajen da mutane suka gina suka tafi. Sannan a ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, wanda dubban wasannin burauza suka dogara da shi. Waɗanda suke da riba an sake gina su da sabuwar fasahar HTML5, sauran aka bar su. Masu sa kai sun ceto da yawa ta hanyar Flashpoint da Ruffle, ayyukan da ke adana tsofaffin wasannin Flash da tafiyar da su, amma galibi waɗanda mutum yake bugawa shi kaɗai ne suka tsira, domin wasan kai hari ba ya tashi idan babu saba da sauran mutane.

Ga wanda yake son shiga kogo kyauta ta gaskiya, akwai Dungeon Crawl Stone Soup. Masu sa kai ne suke rubuta shi, ana buga shi a burauza, babu shago a cikinsa kwata-kwata, kuma ba ya motsi sai ka motsa, don haka idan aka ɗauke wuta dodon da ke gabanka zai tsaya yana jiranka har ka dawo. Ya fito ne daga zuriyar wasan Rogue na 1980, inda ake sake zana kogon kowane zagaye, kuma idan jaruminka ya mutu ya mutu ke nan. Sai dai ba a gini a cikinsa, yana son allon rubutu na kwamfuta, kuma yana buƙatar Turanci sosai.

Baban Khadija, Agege

Ɗana na Akoka, maganar wuta da ka taɓo ita ce ta fi tsaya mini. Mu nan wuta tana iya tafiya tun magariba, data kuma ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ashe ke nan wanda yake Legas yana karawa ne da mutumin da intanet ɗinsa ba ya yankewa, kuma duk lokacin da namu ya yanke, kogonmu a buɗe yake. Babu wani tanadi da masu wasannin suka yi wa irin wannan?

Ɗan Mile 12

Akwai, Alhaji, kuma shi ya kamata a duba kafin a yi rajista. A Travian an yarda ka naɗa mutum biyu daga cikin 'yan wasa su riƙa kula maka da ƙauye idan ba ka nan, ba tare da ka ba su kalmar sirrinka ba, kuma mai hankali yakan nemi ɗaya daga ƙasar da ranarsu take daidai da darenmu. A Tribal Wars na kamfanin InnoGames da ke Hamburg, sabobi da yawa suna ƙara wa mai tsaro ƙarfi a cikin awannin dare, abin da yake sa mahara su haƙura har gari ya waye. A nan muna da sa'a guda: agogon Legas daidai yake da na Jamus a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma awa ɗaya ce tsakani, don haka a sabar da take bin agogon tsakiyar Turai darensu shi ne darenmu. Wanda ya shiga sabar Amurka kuwa, lokacin da suka taso daga aiki suka zauna kai hari shi yana tsakiyar barci.

Data ba ita ce babbar matsala a irin waɗannan ba, domin yawancinsu rubutu ne da ƙananan hotuna, sai masu zane mai motsi ne suke zuƙe ta su kuma zafafa waya. Abin da ya fi cutar da mu shi ne ƙaramar waya da take sake loda shafin duk lokacin da ka fita amsa kira, da kuma burauzar da aka saita a kan tsimin data mai tsanani, wadda ba ta iya tafiyar da wasan yadda ya kamata. Sannan a duba ko sabar tana da ƙarshe. Inda ake zagaye, a gama a share a sake farawa, kowa yana tashi daga wuri ɗaya, kuma ya fi kyau mutum ya jira ranar buɗe sabuwa ya shiga tare da jama'a yana cikin kariyar sababbin shiga. Inda ba a sharewa, za ka tarar da maƙwabcin da ya shekara biyar yana gini, kuma ranar da kariyarka ta ƙare shi ne baƙonka na farko.